Kaɗen Gando a Kwalbar Faransa

Ku da kuke zuwa min da waya a hannu kuna cewa, "Inna Ramatu, mun ga yadda ake haɗa man shafawa, abu ne mai sauƙi, ki dai nuna mana inda ake sayen kayan," to ku nemi wuri ku zauna. Kasuwar Sokodé a buɗe take, ba ni ke riƙe da makullinta ba. Abin da zan ba ku labari ne, shi ma don wuyan hannuna ya fara ciwo, na ga gara in rubuta tun alƙalami yana tsaya min. Rubutun ba mai kyau ba ne, na sani. Sai da furfura ta fito min na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo ƙofata.

Yarinyar nan da kuke kallo a waya, mai farar riga da dogon farce, ta narka wannan ta zuba wancan, ta kaɗa da ɗan inji, kafin ki ƙifta ido kwalba ta cika har an ɗaura mata zare. Madalla. Ku tambaye ta wa ya wanke tukunyar. Ku tambaye ta kuma, da wannan farcen, ta yaya take sanin kaɗe ya yi.

Aikin farko da Gwaggo Dije ta sa ni shi ne zaɓen ƙwara. Ƙanwar babana ce, a zangon Dapaong take zaune, a hannunta na girma. Ƙwara ita ce ƙwallon 'ya'yan kaɗanya, daga cikinta man yake fitowa. Matan ƙabilar Moba ne ke kawo mata daga ƙauyuka, wasu har daga wajen Gando. Sai ta zazzage buhu a tabarma ta ce in ware wadda ta yi baƙi, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda ta fara tsiro. Na yini a sunkuye, na kai mata ina jiran yabo. Ta cusa hannu ko kallo ba ta yi ba, ta zaro baƙa.

"Wannan fa, uwar ɗakina? Ajiye ta kika yi mu yi mata suna?"

Ta juye daron duka a tabarma, ta ce in sake. A wurin Gwaggo babu "kusan ya yi". Baƙar ƙwara in ta shiga turmi, ɗacinta da warinta sai sun bi man har jikin mai shafawa.

Bayan zaɓe sai daka, sai suya, sai niƙa. A suya ake gane mai haƙuri. In wuta ta yi yawa man ya yi ƙauri, kuma kaɗe ba ya mantuwa: ki ƙona shi yau, zai kai ƙararki wurin hancin mai saye ko bayan wata ne. Sai babban aikin, bugu. A zuba niƙaƙƙen a daro, baƙi kamar laka, ki tsaya a sunkuye kina dukansa da tafin hannu, ana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Bayanki ya ƙage, kafaɗa ta mutu, ke dai ki yi ta bugu har sautin ya canja, launin ya fara haske, farar kumfa ta taso sama. Wannan kumfar ita ce man. A kwashe, a wanke, a dafa ruwan ya ƙone, a tace da ƙyalle. In yana daskarewa kuma ba a barinsa shi kaɗai, ana juya shi da muciya, in ba haka ba ya yi tsaki-tsaki, mace ta shafa ta ji kamar kin cuɗa mata yashi.

Amma Gwaggo ba mai sayar da kaɗe ba ce kawai. Masu kaɗe sun cika kasuwa. Ita mai haɗi ce, kuma abin da na gada ke nan. Mai haɗi tana duba fatar mutum kafin ta ɗora tukunya.

Na tuna wani mahauci da ya zo da hannuwa duk faso, don kullum suna cikin ruwa da jini da toka. Ni da gaggawata na ɗebo masa kaɗe zalla. Gwaggo ta buge min hannu. Ta ce kaɗe yana sa laushi, amma mutumin da zai sake tsoma hannu a ruwa kafin azahar, me zai riƙe masa man? Ta narka kakin zuma a ciki. Kaki ba ya ba fata komai, aikinsa tsare ƙofa ne, kada abin da ke ciki ya fita. A ranar kuma aka kawo jariri mai bushewar jiki, shi kuwa kaɗe zalla ta ba uwarsa, ta ja mata kunne kada ko ɗigon turare ya shiga. Wata budurwa ta zo tana son man kwakwa don ƙamshinsa, Gwaggo ta kalli goshinta mai maiƙo ta ce, "Shafa a ƙafa, 'yata. In ya hau fuskar nan, ƙuraje za su yi miki kasuwa." Alayyadi kuma, baƙin man ƙwallon kwakwar manja, yana da kyau ga kaushi, sai dai warinsa yana riga mai shi shiga ɗaki. Shi sai tsofaffi, waɗanda suka gama neman yardar kowa.

Akwai wata ƙa'ida da ta koya min wadda ba ta shafi tukunya ba. Mai haɗi ba ta faɗin wa ya zo, ba ta faɗin abin da ta gani. Mata suna kwance miki zane su nuna miki kyasfi, da nankarwa, da tabon da ko mijinsu bai sani ba. Gwaggo takan ce mai haɗi da ungozoma bakinsu ɗaya ne. In kika buɗe shi sau ɗaya, ki kife tukunyarki, kin gama.

Tukunyar farko da na ɗora a Sokodé, bayan aure ya kawo ni, ta ba ni kunya. Haɗin Gwaggo na yi, ban rage komai ba. Matan da suka saya suka dawo suna ƙorafi, wai suna tafiya suna narkewa, zufa ta kasa fita, matashin kai ya yi baƙi. Ashe iskar Dapaong busasshiya ce, tana shanye mai kamar ƙasar da ta ga ruwan farko. Ta Sokodé kuwa da laima a cikinta. Dole na rage kaki, na sassauta kaɗen da man kwakwa da ake kawowa daga kudu. A wajen wani dattijo mai farmasi na san gilisirin, ruwan nan mai yauƙi kamar zuma. Shi ba mai ba ne, janyo laima yake yi zuwa fata. A Sokodé ɗan kaɗan yana aiki. Na aika wa Gwaggo da murnata, ta shafa shi zalla a Dapaong, ta aiko min saƙo da direba: "Ki gaya wa Ramatu abin nata ya rasa ruwan da zai ja a iska, ya koma yana jan nawa." Basilin kuma ɗan'uwan kaki ne a aiki. Rufewa kawai ya iya. Ki shafa shi a busasshiyar fata, kin kulle ɗakin da babu kowa a ciki. Shi ya sa nake ce wa mata su shafa mai da jiƙar wanka a jikinsu. Suna ji? Ba sa ji.

Sannu a hankali na yi suna, iyakar sunan da mai haɗi take yi, wato a raɗe.

Kwalbar farko Hajiya Balaraba ce ta kawo min. Matar wani babban ɗan kasuwa ce, daga gidajen fataken da suka kafa zango, mace mai jiki da murya, wadda in ta sa atamfa yau, jibi rabin unguwa sun ɗinka irinta. Ƙanin mijinta ya kawo mata tsarabar pomad, man shafawa, daga Faransa, farar kwalba mai murfi ruwan zinariya. Ta shafe shi tas, kwalbar ta zauna a gaban madubi, baƙi suna gani suna jinjina kai. Sai ta shigo min ta ƙofar baya da ita a ƙunshe cikin mayafi.

"Ramatu, cika min wannan da irin wanda kike min. Kin san ba don komai ba, murfinta ya fi riƙewa."

"Murfi ne ya fi riƙewa, Hajiya. Na gane."

Na cika. Mene ne nawa? Mai ta saya, ko a cikin takalminta ta ce in zuba sai in zuba.

Jikin Hajiya ya yi kyau, dama haɗin nata na san shi kamar tafin hannuna. A wajen biki mata suna taɓa damtsenta suna cewa me take shafawa. Ita kuma sai ta gyara zama, irin zaman masu arziki, ta ce, "Wani ne ake kawo min daga waje. Ba a samunsa a nan."

Ba a daɗe ba, sai ga wata ta shigo ta ƙofar baya da irin kwalbar nan, wofi. A wajen masu sayar da tsofaffin kwalabe ta samo, waɗanda ke kwaso su daga Lomé. Ta rantsar da ni kada kowa ya ji. Bayanta wata, bayanta wata. Har masu kwalabe suka gane, suna ɓoye mai murfin zinariya a ƙasan buhu sai wadda ta yi musu raɗa. Aka wayi gari gaban madubin duk wata mai ji da kanta a zango akwai kwalbar Faransa, kuma duk daga tukunya ɗaya suke ci, tukunyar da ke kan murhuna.

Ga inda abin yake, ku saurara da kyau. Kowace a cikinsu tana zaton ita kaɗai ce mai na bogi. Ta kalli jikin ƙawarta yana sheƙi, ta ce a ranta, "Kin ga aikin na gasken. Ni da nake fama da kaɗen Ramatu ma ga yadda nake, ina ga in na samu irin nata?" Ƙawar ma haka take kallonta. Sai su haɗu a wajen suna suna yabon Faransa, ina zaune a gefe ina cin shinkafata. Wata har ta juyo ta ce min, "Inna Ramatu, ke ma da kin gwada irin namu, ki huta da wahalar hayaƙi." Da safiyar ranar na cika mata tata. Na ce, "Ina ni ina kayan manya, 'yar nan."

A lokacin dariya abin yake ba ni. Aiki ya yi yawa har na daina bugun kaɗe da kaina duka, na ƙulla da wata matar Moba a Gando, Damigu, wadda hannunta yake da tsabta, tana aiko min daro-daro a motar kasuwa. Ita ma sai da na gwada ta. A narka ɗan kaɗan a cokali: in ya yi tartsatsi an sa ruwa, in wani abu ya kwanta a ƙasa an sa garin rogo. Nata bai taɓa yin ko ɗaya ba.

Shekarar da ta kusa kashe min sana'a ta fara ne da kwali. Wani mai butik, wato kanti, a bakin babban titi, yaro mai kunne, ya ji mata kullum suna zancen mai murfin zinariya, ya ce wannan ai kasuwa ce a kwance. Ya yi oda, na gasken, ya jera a bayan gilashi. Ni kuwa lokacin na gama karɓar kaɗen shekara daga Gando, ɗakin ajiya cike.

Cikin 'yan kwanaki ƙofar bayana ta yi shiru. Kowace ta ce Allah Ya kawo ranar da za ta shafa abin da sauran suke shafawa. Hajiya Balaraba ma dole ta saya, a gaban jama'a, tana cewa, "Alhamdu lillahi, an hutar da ni aike." Ba ta da zaɓi. Na gasken fari ne sol, mai ruwa-ruwa, nawa kuwa mai kauri ne da ɗan rawaya. Yanzu da kowa ya ga cikin na butik, in baƙuwa ta buɗe kwalbar gaban madubinta, asiri ya tonu.

Kun ga ni ce na yi wa Faransa talla da ƙashin bayana, kyauta, shekara da shekaru. Ko goro ba su aiko min ba.

Magana ɗaya ce za ta dawo min da kasuwata. In tsaya a wajen biki in ce, "Ke da ke da ke, duk abin da kuka gani a jikin juna daga tukunyata ya fito." Maƙwabciyata ta yi ta zuga ni. Harshena ma ya yi ta ƙaiƙayi, don ni ba a san ni da haɗiye magana ba. Amma matan nan sun kwance min zane. In na faɗi wannan, gobe wa zai yarda ba zan faɗi wancan ba? Na yi shiru, kaɗe yana ɗaki yana tsufa. Shi kuwa ba ya jiran kowa, in ya daɗe warinsa yana juyawa. Na koma sayar wa mahauta da masu zemijan, 'yan acaɓan nan namu, su shafa a leɓe da gwiwa. Mafi ciwo, wata mai ƙosai ta zo ta ce ta ji ina karyarwa, in ba ta ta yi suya. Kaɗen Damigu, wanda aka tace kamar za a kai wa amarya. Na ba ta. Ƙosan ya yi daɗi, an ce.

Wasu suka ba ni shawara in riƙa matse man bilicin a cikin haɗina, wai shi ne ke tafiya yanzu. Na ce su tashi min daga tabarma. Na ga matan da suka bi wannan hanya, fuska kamar gwanda, gaɓoɓin yatsu kamar gawayi, fata ta yi sirantar da in an yanke ba ta ɗinkuwa. Ni mai shafawa nake yi, ba jima ba.

Zaman banza ne ya kai ni aji. Tunda hannuna ba aiki, na ce bari in je in ga abin da yara ke wahala a kai. Malamarmu, Madam muke ce mata, a haife na haife ta. Ran da na fara iya haɗa baƙaƙe, ban nemi sunana ba. Butik na je na sayi mai murfin zinariya, ina cizon yatsa, na kai mata na ce mu karanta bayanta tare, ina son in san wa ya kore ni.

Madam ta ce ƙa'idarsu, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Na sa yatsa a kalmar farko. Ta ce ruwa ke nan. Na ce wane irin ruwa? Ta ce ruwa dai. Bayansa wani mai ɗan gidan su basilin, sai gilisirin, tsohon sanina. Sai waɗansu sunaye masu tsawo kamar jirgin ƙasa, ta ce wasu su ne ke ɗaura auren ruwa da mai kada su rabu, wasu su ne ke hana shi lalacewa. Sai turare. Can ƙasa, inda yatsana ya kusa faɗowa daga kwalbar, sai ga kaɗe. Hotonsa kuwa shi ne a gaba, ƙato, da ganyensa. Na ce, "Sannu ɗan gida. Kai ma haka suka yi maka? Hotonka a ƙofa, kai kana bayan gida?"

Amma ni ba na yanke hukunci da karatu, bare karatun da na koya jiya. Na gwada shi yadda na iya. Kullum bayan wanka ƙafar dama na Faransa, ƙafar hagu nawa. Zan faɗi gaskiya ko ba daɗi. Da hantsi ƙafar Faransa ta fi. Ya shige nan da nan, ba maiƙo, ba ya kama ƙura, ga sanyi ga ƙamshi. Ƙafar Gando kuwa tana ƙyalli kamar an soya ta. Zuwa la'asar sai labari ya juya: ruwan ya tafi abinsa, dama ta fara yin fari, hagu tana nan yadda take. Ga mai zama a ofis ƙarƙashin fanka, mai sake shafawa da rana, nasu ya ishe ta, har ya fi mata nawa. Ga mai wanki da girki da tafiya kasuwa da silifa, a'a. Kuma na sara musu a abu guda: sun iya sa ruwa a mai ya zauna lafiya. Na gwada, kwana kaɗan ya yi fumfuna. Don haka ku masu waya, in kuka ga yarinyar nan tana tsiyaya ruwan wardi a cikin kaɗe, ku sani ba ita za ta shafa shi bayan sati ba.

Matan zango dai suka yi ta shafa na gasken. Jikinsu ya fara komawa yadda Allah Ya yi shi, da ɗan ragi. Kun zaci za su gane? Kowace ta ce nata jikin ne bai karɓa ba. Wasu suka ce mai butik ya fara kawo jabu. Shi da ya kawo na gaske shi ne ya zama mai jabu. Ban tausaya masa ba, amma na fahimci zafin.

Ranar wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, unguwa ta yi tsit, na ji ana taɓa ƙofar baya. Hajiya Balaraba ce, ta rufe har hanci. Ta zauna ba ta jira tabarma ba, ta cire takalmi ta miƙo min ƙafa. Dugadugan sun tsage kamar bakin tafki da rani, ƙwaurin ya yi furu-furu.

"Ikon Allah," na ce. "Hajiya, Faransa ce ta yi miki haka?"

"Ramatu, bar zolaya. Bikin Sadiya ya matso. Ranar lalle dole in zauna cikin mata in miƙe ƙafa, dangin ango daga Dapaong za su zo. Da wannan zan miƙe?"

Sadiya 'yarta ce ta fari. Ta zaro kwalbar daga mayafi ta ajiye a gabana.

"Ki sa ya yi fari-fari, yadda ko an buɗe ba za a gane ba."

Na ɗauki kwalbar na mayar mata a cinya.

"Mai akwai, Hajiya. Wanda zai rufe fason nan kafin lalle, akwai. Amma na daina zubi a kwalba, kuma ƙofar nan daga yau ta akuya ce. Gobe kasuwa. Ki zo ta gaba, da rana, in zuba miki a ƙwarya, ki ɗauka da hannunki, ba yarinya ba, ba mayafi a kai."

"Haba Ramatu! Ki rufa min asiri mana."

"Na rufa miki, Hajiya. Na yi ta rufawa har na rufe da ni a ciki. Bakina ba zai faɗi komai ba, ko yau ko gobe. Ke dai ki ɗauki ƙwarya."

"Ni? In ratsa kasuwa da ƙwaryar kaɗe kamar 'yar ƙauye?"

"Ko ki ratsa wajen lalle da waɗannan dugadugan kamar matar Alhaji. Duk wanda ya fi miki."

Ta kira ni mara mutunci, ta tuna min alherin da ta yi min, har da wanda ba ta yi ba. Ta sa takalmi ta fita. Na ɗora tukunya. Kaɗen da ya fi sabunta a ɗakin na zaɓa, da kaki, da gilisirin, da ɗan alayyadi yadda hancinta ba zai kama ba.

Washegari da hantsi sai ga ta a ƙofar gaba, ta ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ba ta gaishe ni ba. Na miƙa mata ƙwarya a buɗe, man yana sheƙi. Ta karɓa da hannu biyu ta juya. Na yafa mayafi na bi ta daga nesa, don wannan rana na daɗe ina jiranta, ba zan yarda a ba ni labari ba.

A layin masu atamfa aka tare ta, inda ƙawayenta suke zama.

"Hajiya, lafiya? Kaɗe ne a hannunki?"

Na matso bayan wata rumfa, na kasa kunne. Na ce yau dai za a kira sunana da rana tsaka.

Hajiya Balaraba ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta ɗaga ƙwaryar sama kaɗan, ta dube su ɗaya bayan ɗaya da tausayi.

"Wai ku har yanzu na kwalba kuke shafawa? Allah Sarki. Ai a can ma an bar wa 'yan aiki wannan. Manyan matansu yanzu ɗanyensa suke so, haka, a ƙwarya. Ƙanin Alhaji ne ya kira ya gaya min. A garin nan kaf Ramatu kaɗai ake aiko wa, shi ma sai da na sa baki."

Ta wuce abinta, tana tafiya a hankali don kowa ya gani. Ni kuwa na tsaya bayan rumfa baki buɗe, har mai rumfar ya ce, "Inna, ko ruwa za a kawo miki?"

Ina isa gida na tarar da mata a ƙofar gaba, ba mai ɓoye fuska. Ta farko a layi matar mai butik ce. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Inna Ramatu, an ce kayan waje sun iso, na ƙwarya. Allah Ya sa da saura."

Na tsaya a tsakiyarsu na ɗaga murya yadda ta ƙarshe za ta ji. Na ce wannan kaɗen Gando ne. Wata mata ce mai suna Damigu ta buga shi a sunkuye, ni na haɗa shi a murhun can da kuke gani, bai taɓa ganin jirgi ba, ko Lomé bai taɓa zuwa ba. Na nuna musu tukunyar, na nuna musu hannuna.

Suka saurara tsaf. Suka kalli juna. Matar mai butik ta yi murmushi, ta matso kusa da kunnena, ta dafa min hannu.

"Mun gane, Inna. Saboda 'yan duwan ne, masu kama kayan fasa-ƙwauri, ko? Wallahi ba mai ji a bakinmu. Cika min biyu."